Yadda Ake Neman Bizar Aure Zuwa Birtaniya, Daga Ɗaurin Aure Zuwa Izinin Zama

Auren ɗan Birtaniya ko 'yar Birtaniya ba ya ba mutum damar shiga ƙasar ya zauna kai tsaye. Sai an nemi bizar iyali, kuma jami'in ma'aikatar cikin gida da zai yanke hukunci bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai san waliyyi ba, bai ga lefe ba. Takardun da kuka tura ne kawai a gabansa. Shi ya sa ake hana ma'aurata na gaskiya biza saboda takarda guda da ta ɓace ko kwanan wata da ya saɓa, kuɗi masu yawa su tafi, amarya ta ƙara watanni a gidan iyayenta tana jira. Yawancin wannan asara ana iya kauce mata idan an san abin da ake nema tun kafin a sa ranar biki.

A wannan bayani, "mai ɗaukar nauyi" shi ne wanda ke Birtaniya, miji ne ko mata, "mai nema" kuwa shi ne wanda ke gida. Mai ɗaukar nauyi galibi sai ya kasance ɗan ƙasar Birtaniya ko Ailan, ko mai izinin zama na dindindin. Wanda ke can da bizar karatu ko ta aiki, hanyar ɗauko iyalinsa daban ce, ba ita muke magana a kai ba.

Fara da auren kansa

Sharuɗɗan farko ba su da wuyar fahimta. Ku biyun sai kun cika shekara 18 a ranar da aka tura takardar nema. Sai kun taɓa haɗuwa ido da ido. Hira ta WhatsApp da kiran bidiyo, ko na shekara nawa ne, ba sa tsayawa a madadin haɗuwa. Auren haɗi da iyaye suka shirya ba laifi ba ne matuƙar da yardar ku biyu, amma auren dole laifi ne a dokar Birtaniya.

Ƙa'idar da suke bi ita ce, auren da ya halatta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, su ma sun karɓe shi. Saboda haka auren Musulunci da aka ɗaura a Kano ko Katsina ko Damagaram bisa tsarin da ƙasar ta yarda da shi aure ne a wurinsu. Matsalar ita ce shaida. Mu mun saba a ɗaura aure a ƙofar gida ko a masallaci, a raba goro da dabino, a shafa fatiha, kowa ya watse, babu wanda ya tuna da takarda. To, ku nemi takardar shaidar aure daga hukumar da ke da ikon bayarwa a wurinku, mai hatimi da kwanan wata da cikakkun sunayenku, kuma ku yi hakan da wuri, ba sai lokacin biza ya matso ba. Idan da Hausa ko Larabci ko Faransanci aka rubuta ta, sai ƙwararren mai fassara ya mayar da ita Turanci, ya rubuta cewa fassarar daidai take, ya sa sunansa da sa hannunsa da kwanan wata da yadda za a same shi. Wannan ya shafi kowace takarda da ba Turanci ba.

Ku ɗauko fasfo da takardar aure da katin ɗan ƙasa ku jera su a tabarma ku karanta harafi bayan harafi. A nan Muhammad, a can Mohammed. A nan Aisha Sani, a can Aishatu Muhammad Sani. Fasfo ya ce an haife ki a watan Maris, wata takarda ta ce Janairu. A wurinmu wannan ba komai ba ne, kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in biza bai sani ba. A gyara tun yanzu, ko a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu da ke bayyana dalilin bambancin.

Idan kuwa a cikin Birtaniya aka ɗaura auren, a yi hattara. Ɗaurin aure a masallaci ko a falon gida ba tare da rajistar hukuma ba, a dokarsu ba aure ba ne, duk da cewa a addini ya ɗauru. Haka ma saki: mijin da ya furta saki yana zaune a Birtaniya, doka ba ta ɗauke shi ya rabu da matarsa ba sai kotu ta raba su. Duk wanda ya taɓa aure a cikinku sai ya kawo shaidar cewa wancan auren ya ƙare, takardar saki ce ko ta rasuwa.

Sai batun da ya fi shafar mu, wanda kuma masu ba da shawara da yawa ke tsallakewa, wato auren mace fiye da ɗaya. Birtaniya ba ta ba mace biza a matsayin matar aure idan mijin yana da wata matar da ta riga ta shiga ƙasar a matsayin matarsa kuma auren yana nan. Bayan haka, dokar aure ta Ingila ta 1973 ta ce wanda Ingila ce mazauninsa na asali a doka, idan ya shiga auren da ya zama na mace fiye da ɗaya ko da a wata ƙasa ne, auren bai ɗauru ba. Ma'ana, magidancin da ke da uwargida a Zariya ya auri 'yar Birtaniya mazauniyar can a matsayin ta biyu, bai kamata ya sa ran wannan auren zai samar masa biza ba. Wasu kan ɓoye uwargidan, su rubuta cewa ba su taɓa aure ba. Ina roƙon kada a yi haka. Ƙarya ce a takardar hukuma, tana iya jawo haramcin shiga ƙasar na shekara 10, kuma zalunci ne ga mata biyu a lokaci guda, wadda aka ɓoye da wadda aka ɓoye wa. Auren Musulunci na mace ɗaya kuwa ba shi da wata matsala.

Kuɗin shiga: nan ne aka fi faɗuwa

Daga 11 ga Afrilun 2024, mai ɗaukar nauyi sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara kafin a cire haraji. Kafin nan, tun 2012, fam 18,600 ne, don haka idan wani ɗan uwa da ya ɗauko matarsa shekarun baya ya faɗa muku tsohon adadi, ba ƙarya ya yi ba, doka ce ta canza.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, albashin mai nema a gida ba ya shiga lissafi. Ko likita ce a babban asibiti, ko ɗan kasuwa ne mai shaguna a Kantin Kwari, a neman farko ba a duba abin da yake samu a wurin aikinsa. Alƙawarin wani kawu cewa zai riƙa taimakawa shi ma ba ya shiga.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta wanda ya yi wata shida ko fiye a wurin aiki ɗaya yana karɓar albashin da ya kai adadin. Zai haɗa abubuwa uku: takardun albashi na wata shida, bayanin asusun banki na waɗannan watannin da ke nuna albashin yana shiga, da wasiƙa daga wurin aikin da ta faɗi matsayinsa, albashinsa na shekara, tun yaushe yake aiki, tun yaushe yake karɓar wannan albashin, da ko aikin na dindindin ne ko na kwantiragi. Adadin da ke takardar albashi dole ya zo daidai da wanda ya faɗa asusu. Sannan akwai dokar kwana 28: takardar albashi ta ƙarshe da bayanin banki na ƙarshe kada su wuce kwana 28 da fitowa a ranar da aka tura fom ta intanet. Mutum zai tara komai tsaf, sai ya tsaya jiran kuɗin biza su cika, wata ya juya, takardun su tsufa bai lura ba. Idan hakan ta faru, a ƙara na sabon watan kafin a tura.

Wanda bai kai wata shida a sabon aiki ba yana iya nema, amma sai ya nuna abu biyu: albashinsa na yanzu ya kai adadin, kuma abin da ya samu a wata 12 da suka wuce shi ma ya kai. Mai sana'ar kansa, kamar direban tasi ko mai shago, da shekarar haraji ake yi masa lissafi, kuma takardunsa sun fi yawa. Shi kam ina ba shi shawara ya nemi lauya.

Ana iya cike giɓi da ajiya. Lissafin shi ne: a ɗauki abin da ya rage albashi ya kai 29,000, a ninka sau biyu da rabi, a ƙara fam 16,000. Mai albashin fam 25,000 giɓinsa 4,000 ne. Sau biyu da rabi ya zama 10,000. A ƙara 16,000, ke nan yana buƙatar ajiyar fam 26,000. Wanda ba shi da albashi sam, fam 88,500 zai nuna. A nan kuɗin mai nema suna shiga, ko a haɗa na ku biyu. Sharaɗin shi ne kuɗin su yi wata shida cur a asusunku, a bankin da hukuma ke sa wa ido, kuma ku faɗi inda suka fito. Kyauta daga iyaye ta halatta, rance bai halatta ba. Masu zuba wa mutum kuɗi a asusu na 'yan kwanaki don a buga bayanin banki su kwashe abinsu, hanyar halaka ce, domin wata shidan nan an sa shi ne musamman don a kama irin wannan.

Mai ɗaukar nauyin da ke karɓar tallafin naƙasa ko na kula da mara lafiya an ɗauke masa wannan adadi, sai dai ya nuna abin da ke shigo masa zai riƙe iyali.

Turanci da gwajin tarin fuka

Mai nema zai ci jarrabawar Turanci a matakin A1, wato mafi ƙanƙanta, magana da sauraro kawai, babu karatu babu rubutu. Tambayoyi ne irin su sunanka, garinku, abincin da kake so, yadda kake zuwa kasuwa. Duk da cewa Turanci ne harshen hukuma a Najeriya da Gana, ba sa cikin ƙasashen da aka yafe wa jarrabawar, kuma sakamakon WAEC ba ya wadatarwa. Dole ta zama jarrabawar da hukumar biza ta amince da ita, a cibiyar da ta amince da ita, irin su IELTS Life Skills da PTE Home. Wurin yin rajista a tabbatar an zaɓi wadda aka ware don bizar Birtaniya. Sakamakon yana aiki shekara biyu. Mai digirin da aka koyar da Turanci yana iya amfani da shi bayan Ecctis, hukumar da ke duba takardun karatu na ƙasashen waje, ta tantance. Wanda ya kai shekara 65, ko mai lalurar da ta hana shi koyo, an ɗauke masa.

Ga 'yan'uwa mata da ba su yi nisa a boko ba: kada wannan ya tsorata ku. Wata biyu ko uku na koyon magana da wata malama ko ƙanwa a gida yakan isa, muddin ana buɗe baki ana yi kullum.

Gwajin tarin fuka wajibi ne ga mazauna Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi da Sudan. Ba kowane asibiti ake zuwa ba, sai wanda ke cikin jerin da Birtaniya ta amince da su. A Najeriya akwai cibiyoyin hukumar ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas. Hoton ƙirji ake ɗauka. Idan likita ya ga abin da bai gamsu da shi ba, sai a karɓi kaki, kuma sakamakonsa na iya ɗaukar mako takwas. Mai juna biyu ta faɗa musu tun a bakin ƙofa, akwai zaɓin da ake ba ta. Takardar wata shida take aiki, don haka kada a yi gwajin tun kuɗin shiga bai kammala ba.

Shaidar cewa zaman na gaskiya ne, da wurin zama

Mutane kan tura hotunan biki ɗari biyu da hirar waya shafi ɗari uku suna ganin sun gama. Yawa ba shi ne hujja ba. Abin da ke gamsar da jami'i shi ne shaida mai kwanan wata wadda ta ratsa tsawon zamanku: tikitin jirgi da hatimin shiga a fasfo na ziyarce-ziyarcen da aka yi, rasit na kuɗin cefane da ake turowa wata-wata, hotuna kaɗan na lokuta daban-daban har da dangin ɓangarorin biyu, samfurin kira da saƙonni daga watanni mabambanta, da takardar haihuwar yara idan akwai. Kowannenku ya rubuta gajeriyar wasiƙa: yadda kuka haɗu, yaushe aka kai gaisuwa, yaushe aka ɗaura, me ya sa kuke zaune a rabe, ina za ku zauna. Idan auren zumunci ne ko na haɗi, a faɗa a fili a bayyana al'adar. Ba abin kunya ba ne, kuma ɓoyewa ce ke jawo zargi. Ku karanta wasiƙun juna don kada kwanaki su saɓa, domin ana iya kiran ɗayanku a waya a yi masa tambayoyi.

Wurin zama kuma sai a nuna akwai shi kuma ba cunkoso: yarjejeniyar haya da izinin mai gida, ko takardar mallaka. Zama a gidan iyaye ya halatta idan akwai ɗakin da yake naku, tare da wasiƙar amincewarsu da bayanin yawan ɗakuna da mutanen gidan.

Yaran da aka haifa wa ɗan Birtaniya, a bincika tukuna, sau da yawa su 'yan ƙasa ne tun haihuwa, fasfo za a nema musu ba biza ba. Agola kuwa, sai an nuna cewa mai nema shi kaɗai ke ɗauke da nauyin tarbiyyarsa, kuma ana tsananta bincike a nan.

Cika fom da biyan kuɗi

A shafin gwamnati na gov.uk kaɗai ake cikawa, kuma daga ƙasar da mai nema ke zaune. Wanda ya shiga Birtaniya da bizar ziyara ba a yarda ya juya ta zuwa ta aure a can ba, sai ya dawo gida. Idan ba a riga an ɗaura ba kuma a can ake son ɗaurawa, akwai bizar baiko ta wata shida, wadda ba a aiki da ita, bayan aure a sake nema a sake biya. Ɗaurawa a gida ya fi sauƙi da araha.

A Afrilun 2025 kuɗin nema daga waje ya kai fam 1,938. Ga kuma kuɗin kiwon lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biyan na shekara uku gaba ɗaya tun farko, fam 3,105. Jimla ta haura fam 5,000 kafin a sa jarrabawa da gwaji da fassara da tikiti. Kuɗin nan suna yawan hawa, a duba shafin a ranar biya. Idan aka hana biza ana mayar da na lafiya, amma na nema ya tafi.

Fom ɗin zai tambayi ko an taɓa hana ka bizar wata ƙasa, ko ka taɓa wuce wa'adi, ko an taɓa hukunta ka. Faɗi gaskiya ko da ta shekara goma ce. Tsohon ƙi ba ya hana wannan biza, amma ɓoye shi yana hanawa, kuma suna da zanen yatsunka a ajiye. Idan wani ne ya cika maka a shagon intanet, zauna kusa da shi ka karanta kowace amsa, don duk abin da ya rubuta kai ne ka faɗa. Mai buƙatar taimako ya nemi lauya mai rajista ko mai ba da shawara da ke ƙarƙashin hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice a Birtaniya, wadda a da ake kira OISC. Duk wanda ya ce yana da ɗan'uwa a ofishin jakadanci, ko zai haɗa ka da baturiyar da za ka biya ta ku yi auren takarda, ka riƙe kuɗinka ka yi nesa da shi. Auren bogi laifi ne da ke kai mutum kurkuku da kora, kuma wanda ya shiga ya miƙa wuyansa ga mutumin da zai iya tona shi duk ranar da ya ga dama.

Bayan biya, sai a ɗora takardu a intanet, a zaɓi ranar zuwa cibiyar karɓar biza don hoto da zanen yatsu. A Najeriya kamfanin VFS Global ne ke wannan aiki tun ƙarshen 2024, a Abuja da Legas. Ma'aikatan cibiyar ba su ke yanke hukunci ba. Jira yakan kai mako 12. Mai gaggawa yana iya ƙara fam 500 a duba nasa cikin kimanin kwanakin aiki 30. Kada a sayi tikiti ko a ajiye aiki sai amsa ta fito.

Idan aka ƙi, wasiƙar za ta faɗi dalili. Akwai damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 28, sai dai shari'ar na jan lokaci sosai. In takarda ce ta yi ƙaranci, sau da yawa gyarawa a sake nema ya fi sauri.

Bayan an sauka

Bizar farko ta wata 33 ce. Izinin zama yanzu na intanet ne, an daina katin roba, don haka mai nema ya buɗe asusun hukumar biza da lambar wayarsa da imel ɗinsa na kansa, ya riƙe kalmar sirrinsa. Yana da damar aiki da karatu da zuwa asibitin gwamnati, amma ba shi da damar karɓar tallafin gwamnati.

Tun makon farko a sa sunan mai zuwa a takardar haya, harajin gunduma, kuɗin wuta da ruwa, a yi rajista da likitan unguwa, a buɗe asusun banki da adireshin gidan. A tanadi jaka guda ana jefa duk wasiƙar hukuma da ta zo da sunan ɗayanku. Kafin bizar ta ƙare za a nemi ƙarin wata 30, kuma waɗannan wasiƙun ne shaidar kuna tare. A lokacin za a sake nuna kuɗin shiga, amma yanzu albashin ku biyu ake haɗawa, Turanci kuma ya hau matakin A2. Kada a bari ko kwana ɗaya ya wuce wa'adi ba a tura ba.

Akwai abin da nake so kowace amarya ta sani kafin ta hau jirgi, da iyayenta ma. Izinin zamanta a rataye yake da auren, kuma wasu mazan kan mayar da wannan bulala: a ƙwace fasfo, a hana ta waya, a ce in ta yi magana za a sa a kore ta. Miji ba shi da ikon korar kowa daga ƙasar. Dokar Birtaniya ta ba wadda aurenta ya mutu saboda cin zarafi damar neman izinin zama na dindindin ita kaɗai ba tare da sa hannunsa ba, kuma akwai izinin wucin gadi na wata uku da ke ba ta damar samun tallafi da matsuguni kafin nan. Cin zarafi a wurinsu ya haɗa da duka, tsoratarwa, kulle da hana kuɗi, kuma dokar ta shafi maza ma. Lambar gaggawa 999 ce. Wadda mijinta ya rasu ita ma tana da hanyar neman zama na dindindin. Rabuwa ta lalama kuwa dole a sanar da hukuma, sannan a nemi shawarar lauya da wuri, musamman idan akwai yara.

Bayan shekara biyar a kan wannan hanya ake neman izinin zama na dindindin. Ana buƙatar Turanci matakin B1, wanda gwamnati ta bayyana a 2025 cewa tana da niyyar ɗagawa zuwa B2, da jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya mai tambayoyi 24, a ci 18. Matar ɗan ƙasa ko mijin 'yar ƙasa na iya neman zama ɗan ƙasa da zarar izinin dindindin ya fito, ba sai an ƙara jiran shekara ba, kuma haifaffen ɗan Najeriya ba ya rasa fasfonsa na gida don ya karɓi na Birtaniya.